Gida, Suna da Harshe: Sharhi a kan Fim ɗin Mr Burton

1.0 Gabatarwa

A watan Afrilu na shekarar 2025 aka fara nuna wani fim mai suna Mr Burton a gidajen sinima na Birtaniya, watau a shekarar da aka cika shekara 100 da haihuwar shahararren ɗan wasan kwaikwayon nan Richard Burton. Marc Evans, mutumin ƙasar Wales, shi ya ba da umarni, Tom Bullough da Josh Hyams kuma suka rubuta labarin. Toby Jones ya fito a matsayin malamin makaranta Philip Burton, Harry Lawtey ya fito a matsayin ɗalibinsa Richard Jenkins, ita kuwa Lesley Manville ta fito a matsayin Ma Smith, dattijuwar da malamin yake haya a gidanta. Fim ɗin bai bi rayuwar Richard tun daga haihuwa har mutuwa ba. Bai kai ga zamanin da ya yi suna a Amurka ba, balle aurensa da Elizabeth Taylor wanda jaridu suka daɗe suna yayatawa. Ya tsaya ne a tsakanin 1942 da 1951, shekarun da ɗan leburan haƙar kwal ya rikiɗa ya zama gwanin wasannin Shakespeare.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa yaron ya biya ladan karatunsa da abubuwa uku: gidansu, da sunan ubansa, da harshen da ya tashi da shi. Fim ɗin ya auna nauyin biyun farko da gaskiya da tausayi. Na ukun kuwa ya ratsa ta kansa kamar riba ce tsantsa wadda ba ta da wata asara a ciki. A nan ne raunin fim ɗin yake, kuma a nan ne ya fi cancantar kulawar masu nazarin harshe da al'ada.

2.0 Tushen Labari

An haifi Richard Walter Jenkins ran 10 ga Nuwamba 1925 a ƙauyen Pontrhydyfen da ke kudancin Wales, shi ne na 12 cikin 'ya'ya 13. Mahaifinsa leburan kwal ne, mashayi, wanda bai cika zaman gida ba. Mahaifiyarsa ta rasu a 1927 bayan haihuwar autanta, lokacin Richard yana ɗan shekara biyu. Saboda haka yayarsa Cecilia, wadda ake kira Cis, ta ɗauke shi riƙo, ta kai shi gidan mijinta Elfed James a Taibach, gefen Port Talbot, garin masana'antar ƙarfe. Welshanci shi ne harshen gidansu da na majami'arsu. A 1941 rashin kuɗi ya sa aka cire shi daga makarantar sakandare, aka sa shi aikin sayar da tufafin maza a wani kanti, sa'an nan ya koma makaranta a 1942.

Shi kuwa Philip Burton an haife shi ran 30 ga Nuwamba 1904 a Mountain Ash. Shi ma ɗan leburan kwal ne, mahaifinsa ya mutu a haɗarin ramin kwal yana yaro. Ilmi ne ya fisshe shi: ya yi karatun lissafi da tarihi a jami'a a Cardiff, ya zama malami a Port Talbot, yana rubuta wasannin rediyo ga BBC, yana shirya wasan kwaikwayo da ɗalibai, kuma yana shugabantar ƙungiyar horar da samari aikin sojan sama. A watan Maris 1943 Richard ya tare a gidan Ma Smith inda Philip yake zaune. Philip ya so ya mayar da shi ɗansa a shari'ance, amma doka ta ce sai wanda ya girmi yaro da shekara 21, shi kuwa saura kwana 20 ya cika wannan sharaɗi. Don haka a watan Disamba 1943 aka rubuta shi a matsayin waliyyi, yaron kuma ya ajiye sunan Jenkins ya ɗauki Burton. Daga nan sai wasan The Druid's Rest na Emlyn Williams a Landan a farkon 1944, da karatun wata shida a Jami'ar Okusfod, da aikin sojan sama, har zuwa 1951 da ya fito a matsayin Yarima Hal a wasan Henry IV a Stratford, inda masu sharhi suka sallama masa.

3.0 Zubi da Tsari

An gina fim ɗin kashi biyu waɗanda ba su yi daidai a tsawo ba. Kashi na farko, wanda ya fi tsawo kuma ya fi armashi, yana Port Talbot a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Farkon haɗuwar malami da ɗalibi horo ne: an ɗora wa yaron haddar mabuɗin wasan Henry V saboda wani laifi, sai horon ya zame masa daɗi. Wannan dabara ce mai kyau, domin ta nuna tun da wuri cewa ba malamin ne ya cusa wa yaron son magana mai zaƙi ba, tarar da shi ya yi da ƙishirwarta. Daga nan labarin ya bi matakan da aka saba gani a irin waɗannan finafinai: talauci ya fitar da yaro daga aji, malami ya yi tsayin daka, yaro ya dawo, horo ya kankama. Ana hawa da shi kan tudu a sa shi ya jefa murya cikin iska, ba da ihu ba, har sai wanda yake nesa ya ji kowane baƙi da kowane wasali.

Kashi na biyu ya tsallaka shekaru zuwa Stratford a 1951. Yaron ya zama saurayi mai ji da kansa, giya ta fara cin sa, an kuma yi nisa tsakaninsa da malaminsa. Da wasan ya gagare shi, sai aka koma ga tsohon malami ya zo ya warware masa. Wannan tsallake ya bar giɓi, domin mai kallo bai ga yadda yaro mai kunya ya zama wannan mutum ba, an dai ajiye masa shi ne a gabansa. Har ila yau, domin labarin ya tafi a miƙe, an tattara haske duka a kan Philip, alhali marubuta tarihin Richard suna ambaton wani malami, Meredith Jones, wanda ya riga Philip gane baiwar yaron, kuma yana da hannu wajen mayar da shi makaranta. Irin wannan taƙaitawa halal ce ga mai shirya fim, amma tana da sakamako: tana sa mai kallo ya ɗauka mutum ɗaya ne ya ƙera yaron, ya mance da jama'ar da ta raine shi.

Wannan zubi ba sabo ba ne a adabin Wales. A 1938 Emlyn Williams ya rubuta The Corn is Green, labarin wata malama Baturiyar Ingila da ta ɗauki yaro leburan kwal mai jin Welshanci ta koyar da shi har ya sami shiga Okusfod, kuma ya samo labarin ne daga abin da ya faru tsakaninsa da malamarsa. Mr Burton ya gaji wannan zubi, ya kuma gaji akidar da ke ƙarƙashinsa, watau cewa hanyar tsira ga yaro mai basira ita ce hanyar da ta fita daga kwarin da aka haife shi.

4.0 Riƙo da Sauyin Suna

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne wajen bayyana ɗacin riƙo. Richard ɗan riƙo ne sau biyu, na farko a hannun yayarsa, na biyu a hannun malaminsa. Riƙon farko na jini ne, ba ya bukatar takarda. Na biyu kuwa sai da sa hannun uba. Fitowar da ta fi kowace tsayawa a rai ita ce wadda aka je wa uban a mashaya da takarda, ya karɓi fam 50 ya sa hannu, ya kuma bi da baƙar magana a kan nufin malamin. Steffan Rhodri, wanda ya fito a matsayin uban, bai mayar da shi dodo ba. Ya nuna shi mutum ne mai barkwanci da farin jinin abokan sha, wanda ya san ya kasa, yake rufe kunyarsa da izgili. Abin da ya soki yaron ba sauyin sunan ba ne, sauƙin da uban ya yi wajen rabuwa da shi ne. Tarihi ya goyi bayan wannan fahimta, domin da uban ya rasu a 1957 Richard bai halarci jana'izarsa ba.

Haka kuma fim ɗin bai kauce wa tsegumin gari ba. Malami gwauro ya ɗauki saurayi ɗan shekara 17 ya ajiye a gidan da yake haya, ya ɗinka masa tufafi, ya ba shi sunansa: dole baki ya yi magana, a zamanin da dokar ƙasar take ɗaure namijin da aka samu da neman maza, dokar da ba a sassauta ta ba sai a 1967. Fim ɗin ya nuna Philip mutum ne mai kame kai wanda bai ƙetare iyaka da ɗalibinsa ba, ya kuma nuna yadda zargin ya shiga zuciyar yaron da kansa, har ya fara tambayar ransa da me ake so ya biya wannan alheri duka. Wannan tambaya ita ce ta raba su. Marubutan sun kyauta da suka bar ta ta yi aikinta ba tare da sun cika ta da bayani ba. Sun gane cewa kyauta idan ta yi yawa takan zama kaya a kan wanda aka yi wa, kuma malami, komai tsarkin niyyarsa, yana da tasa bukata. Philip ya so zama ɗan wasa bai samu ba, sai ya nemi cika burinsa ta bakin wani.

Zaɓen wasan Henry IV don rufe labarin ya dace da wannan jigo ƙwarai. Yarima Hal yana tsakanin uba biyu ne, sarki mai tsanani wanda ya haife shi, da Falstaff mashayi wanda yake ɗebe masa kewa, kuma ya juya wa ɗaya baya da zarar ya hau gadon sarauta. A rayuwar Richard abin ya juye, mashayin shi ne mahaifi, mai tsananin shi ne baƙo. Mai kallon da ya san wasan zai ga cewa saurayin ba ya iya faɗin kalmomin Shakespeare sai ya fuskanci abin da yake gudu a rayuwarsa.

5.0 Matsalar Harshe

Duk wannan kulawa da aka yi wa gida da suna ba a yi wa harshe irinta ba. Ana jin Welshanci nan da can a fim ɗin, amma matsayinsa na ado ne, alama ce ta inda aka fito. Fitowar da ake gyara wa yaron furuci an shirya su ne da raha da annashuwa, kamar ana sassaƙe itace ana fitar da turmi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma fim ɗin bai tsaya ya tambayi ina aka tanƙwara shi ya fuskanta ba, kuma wa ya ci moriyar inuwarsa.

Tarihin da ke bayan waɗannan darussa mai tsawo ne. Dokar 1536 da ta haɗe Wales da Ingila ta hana wanda ba ya jin Ingilishi riƙe muƙamin hukuma. Abin da ya raya Welshanci shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki ta William Morgan a 1588, da majami'u, da gasar waƙa da ake kira eisteddfod. A 1847 wasu jami'ai uku daga Ingila, waɗanda ba sa jin harshen, suka rubuta rahoto a kan ilmi a Wales suka ɗora wa Welshanci laifin jahilci da ci baya. A ƙarni na 19 akwai makarantun da ake rataya wa yaro ɗan katako a wuya idan an ji ya yi harshen uwarsa, wanda katakon ya kwana a wuyansa a ƙarshen yini ya sha bulala. A ƙidayar 1901 kusan rabin mutanen Wales suna jin harshen. A 1931 sun koma kashi 36.8 cikin 100, a 1951 kuma kashi 28.9. Ke nan shekarun da fim ɗin ya ɗauka suna cikin zamanin da harshen yake zubewa, kuma shekarar da Richard ya yi nasara a Stratford ita ce shekarar da ƙidaya ta nuna masu jin harshensa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Ba za a ɗora wa Philip laifin wannan ba. Makaranta ta riga shi, domin ko littafin da Richard yake rubuta al'amuran yau da kullum yana ɗan shekara 14, wanda aka buga tare da sauran a 2012, da Ingilishi ya rubuta shi. Kuma a 1943 babu dandamalin da mutum zai ci abinci da wasan kwaikwayo cikin Welshanci. Tashar talbijin ta harshen, S4C, ba a buɗe ta ba sai 1982, shekara biyu kafin rasuwar Richard, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙasa mai amfani da harshen kuwa sai a 2003. Malamin da yake son ɗalibinsa ya tsira daga ramin kwal ba shi da wata ƙofa da zai nuna masa sai ta Ingilishi, kuma ba kowane Ingilishi ba, sai karin manyan Landan da Okusfod. Philip da kansa ta wannan ƙofa ya bi. Abin zargi a nan fim ne da aka yi a 2025, wanda ya san duk wannan tarihi, ya bar shi a bakin ƙofa.

Akwai kuma wani abu da fim ɗin ya rage wa daraja, watau asalin muryar. Mai kallo zai fita da tunanin cewa a kan tudu aka ƙera ta. Amma yaron da ya hau tudun ya riga ya shekara 17 yana sauraron masu wa'azin majami'a waɗanda sukan ɗaga murya har magana ta koma kamar rera waƙa, ya kuma taɓa cin gasar waƙa yana ƙarami. Welshanci harshe ne mai kaɗa harafin r, mai fitar da baƙaƙe sarai, mai ɗora nauyi a kan gaɓa ta biyun ƙarshe, kuma waƙarsa ta gargajiya an gina ta ne a kan amsa-amon baƙaƙe a cikin layi ɗaya. Philip ya gyara wasula, ya koyar da numfashi da ma'anar nassi, aikinsa ba ƙarami ba ne. Amma kaifin baƙaƙe da kiɗan jimla da suka bambanta Richard da takwarorinsa na Ingila daga gida ya zo da su. Duk wanda ya saurari muryarsa a wasan rediyo na Under Milk Wood na Dylan Thomas, wanda BBC ta watsa a 1954, zai ji wannan.

Ya kamata a lura cewa Richard bai mance Welshanci ba. Ya ci gaba da yin sa da 'yan uwansa, ya sa wa gidansa na Suwizalan sunan ƙasarsu da Faransanci, a can kuma aka binne shi a 1984. Saboda haka asarar ba tasa ba ce shi kaɗai, mafi yawanta ta harshen ce. Harshen da ya raini muryar bai more ta ba, wani harshe ne ya ci amfaninta. Abin mamaki, wasan da fim ɗin ya zaɓa yana ɗauke da wannan batu a cikinsa. A kashi na farko na Henry IV akwai Glendower, watau Owain Glyndŵr wanda ya yi wa Ingila tawaye a 1400, da 'yarsa wadda ba ta jin Ingilishi, mijinta kuma ba ya jin Welshanci. A Stratford a 1951 Hugh Griffith, mutumin Wales, shi ya fito a Glendower. Richard kuwa, ɗan Pontrhydyfen, ya fito ne a matsayin ɗan sarkin Ingila mai riƙe da sarautar Yariman Wales, wanda yake ɓangaren masu murƙushe tawayen. Fim ɗin ya ga uba da ɗa a cikin wasan, bai mayar da hankali ga wannan ba.

6.0 'Yan Wasa

Toby Jones ya riƙe fim ɗin da ƙanƙan da kai. Philip ɗinsa mutum ne mai tsabtar tufafi da tsabtar lafazi, wanda ya ɗaure ransa tamau, sai a ido ake ganin abin da ke ciki. Lesley Manville ta mayar da ƙaramin matsayi babba, ta zama ita ce mai faɗin gaskiya a gidan, mai sassauta tsananin malamin. Aimee-Ffion Edwards a matsayin Cis ta nuna halin macen da ke tsakanin miji da ƙane, ko da yake an ba ta fili kaɗan in aka dubi matsayinta a rayuwar Richard.

Aiki mafi wuya ya faɗa wa Harry Lawtey, kuma ya yi ƙoƙari, musamman da ya ƙi kwaikwayon muryar Burton tun daga farko, ya bar ta tana tsirowa sannu a hankali. Amma akwai abin lura a zaɓensa. Lawtey Baturen Ingila ne, haka ma Jones da Manville. Watau sai da ɗan wasan ya koyi karin harshen da Richard ya sha wahalar kankarewa, sa'an nan ya kankare shi a gaban mai kallo ya koma kusa da nasa na asali. Manyan matsayi uku sun tafi ga 'yan Ingila, 'yan Wales kuma suka fito a uba mashayi da yaya da mijin yaya. Ba a ce an yi haka da gangan ba, kuma ƙwarewar waɗanda aka zaɓa ba abin musu ba ce. Sai dai rabon ya maimaita tsarin da labarin yake bayarwa, abin da ke nuna cewa matsalar ba ta ƙare a 1951 ba.

7.0 Kammalawa

Mr Burton fim ne mai natsuwa da mutunta mutanen da yake ba da labarinsu. Ya fitar da malamin makaranta daga inuwar ɗalibinsa, ya nuna cewa koyarwa ta gaskiya tana cin rai, kuma ba kullum ake saka ta da godiya ba. Ya yi adalci ga uban da ya sayar, da malamin da ya karɓa, da yaron da ya rasa wanda zai kira nasa. Wannan kaɗai ya isa a kalle shi, musamman ga malamai.

Amma ga mai nazarin harshe, darasin fim ɗin yana wurin da ya yi shiru. Ya ɗauki sauyin suna a matsayin rauni, ya ɗauki sauyin harshe a matsayin magani, alhali takarda ɗaya ce mai fuska biyu. A ƙidayar 2021 masu jin Welshanci kashi 17.8 ne cikin 100 na mutanen Wales, duk da dokokin 1967 da 1993 da suka ɗaga matsayinsa, da makarantun da ake koyarwa da shi. Al'ummar da take cikin wannan hali tana da hakkin a tambaya a madadinta: idan ilmi ya ɗauki mafi hazaƙar 'ya'yanta ya miƙa wa wani harshe, me ya rage mata? Marc Evans, wanda ya yi fim ɗin Patagonia da Welshanci da Sifaniyanci a 2010, ya fi kowa cancantar yin wannan tambaya. Da ya yi ta, da fim ɗin ya tashi daga labarin mutum biyu ya zama labarin ƙasa.